Kalilu da Esin Motar Suruka

Duk wanda ya shiga Daura ya tambayi Injiniya Kalilu, masu shayi za su nuna masa shi da baki, sannan su ja shi gefe su ce kada ya yarda ya ba shi ko tocila ya duba. Mutumin nan bai taɓa zama garejin kowa ba. Abin da aka sani, ya taɓa wankin motoci a Kwatano, ya dawo da sifana guda da baƙin tabarau da bakin da ba ya hutawa. Tun daga nan babu injin da bai sani ba a duniya. Ya gyara wa liman rediyo, ta daina kama ko'ina sai Nijar. Ya gyara wa maƙwabciya injin markaɗe, har yau ta baya tattasai ke fita.

To, ana nan sai Abdulrazak, ɗan Hajiya Hajo da ke aiki a Fatakwal, ya aiko wa mahaifiyarsa mota 'yar Beljiyam mai esi, wato na'urar sanyaya cikin mota. Surukai maza biyu ne da Hajiya: Kalilu, mijin 'yar farinta Mardiyya, da Uwaisu, mijin Amatullah, can Baure. Da yake Kalilu ne a kusa, shi aka ba riƙon makulli, amma da sharaɗi. Abdulrazak ya ce masa a waya, "Hajiya na da hawan jini, zafi ba ya yi mata. Ran da esin nan ya mutu a hannunka, makulli ya koma Baure."

Kalilu ya ce, "Esi ya mutu a hannuna? Ai ko gawarsa aka kawo mini sai ta yi atishawa."

Makullin nan ya zama zobensa. Da shi yake nuna hanya, da shi yake susar kunne. Ko sayen goro zai je bakin layi, sai ya tada mota, ya ɗage gilas, ya wuce majalisa yana ƙanƙame jiki wai sanyi ya yi yawa.

Sai Amatullah ta haihu a Baure. Mardiyya ta riga ta tafi taya aiki, aka bar wa Kalilu ya kai Hajiya ranar suna. Ana jajibirin suna, cikin tsakiyar bazara, ya danna maɓallin esi, sai gaban mota ya kwarma wani ihu kamar an take wutsiyar kare, ga ƙaurin roba. Ba don yana so ba ya gangara garejin Kabo, wai zai ari sifana.

Kabo bakanike ne mai baki irin nasa. Ya leƙa, ya taɓa nan, ya taɓa can, ya goge hannu a wando.

"Kwamfiresar esi ta kafe," in ji shi. "Ka ga bel ɗin nan? Shi kaɗai ke juya komai, da ita, da abin cajin batir, da famfon ruwa. In ba ka taɓa maɓalli ba, lafiya lau. Kana dannawa sai ta cafke, bel ya yi ta gogar ƙarfen da ba ya motsi har ya ƙone. Ko a nemo wata daga Kano, ko in sa maka gajeren bel ya kewaye ta, ku sauke gilas ku sha iskar Allah."

"Iskar Allah! Ni zan shiga Baure gilas a sauke kamar motar kasuwa, Uwaisu na tsaye yana washe haƙora?"

"To bari in zare mata waya. Ko ka danna ba za ta kama ba."

"Cire hannunka daga motar mutane! Kana tallan rake nake kwance injin jirgin ruwa a Kwatano."

"Taya dai kake wankewa, ɗan'uwana ya gan ka."

"Ɗan'uwanka makaho ne!"

"Allah ya kiyaye hanya, Injiniya. In ta tsaya, ka gaida mini kuka da dogonyaro."

Kalilu ya koma gida yana huci. Ya ɗauko guduma ya yi wa kwamfiresa dukan da ko jaki ba a yi wa. Ya tsiyaya mata man gyaɗa. Ya zare ƙarfen da ke tokare bonet ya yi ta zungurinta har ƙarfen ya lanƙwashe, ya wurgar da shi bayan ɗaki. Kwamfiresa ko gezau. Ya goga wa bel sabulu don ya rage kuka, ya ƙara ɗaure shi tamau. Yana zaune yana sharce gumi sai dabara ta faɗo masa, har ya tafa wa kansa.

"Mene ne esi? Iska ce da sanyi. Fanka na aiki, ƙanƙara na gidan mai firiji. Kabo jahili ne."

Matsala guda ce. Hajiya ba ta san komai a mota ba sai abu ɗaya da ɗanta ya nuna mata: in koriyar wutar maɓallin nan ta kama, esi na aiki. Kalilu ya ce wannan ƙaramin abu ne, zai san yadda zai yi da ita.

Da safe ya jera ƙanƙara a roba a gaban kujerar mai zaman banza, ya cusa wata ƙarƙashin kujeru, ya lulluɓe da tawul. Sannan ya shiga ado. Daga ciki ya sa sabon gajeren wando, wanda ya kai wa Jafaru tela ya ɗinka masa da wani ƙyallen atamfa da ya tsinta a ɗakin Mardiyya, ruwan ɗorawa mai zanen kifaye. Ya ɗora wandon shadda mai faɗin ƙugu da sabon tazuge saƙaƙƙe, da 'yar shara, da babbar riga, ya kafa hula da tabarau.

Hajiya ta fito tare da autarta Shatu, wadda ke rungume da ƙwaryar man shanu na mai jego. Su biyun sun sha anko, ruwan ɗorawa mai zanen kifaye. Kalilu ya kalli atamfar, ya ce a ransa ai nasa a ciki yake, wa zai gani?

Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Hajiya yana kallon takalminsa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Tun da ya auri 'yar farinta ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Komai sai ta bakin wani. Yau bakin Shatu ne, ita kuwa ƙanwar mata ce, wasa tsakaninta da shi ba shi da birki.

"Mijin Yaya, me ka lulluɓe a gaba? Gawa?"

"Kayan aiki ne. Shiga baya ki yi wa mutane shiru."

Suka ɗau hanya. Fanka na hura ƙanƙara, wani ɗan sanyi-sanyi na tasowa, Kalilu har ya fara murmushi. Sai Hajiya ta gyara zama.

"Shatu, ki tambayi mijin yayarki, ina koriyar wutar?"

"Ka ji, Injiniya. Ina koriya?"

"Ki gaya wa Hajiya, hutawa take yi."

"Ki gaya masa, ta huta jiya."

Kalilu ya yi bisimilla ya danna. Wuta ta kama, mota ta kwantsama ihu. Daidai nan suka zo majalisar mai shayi. Ya ɗaga musu hannu ta cikin gilas yana ƙanƙame jiki yadda ya saba. Wani ya miƙe da kofi a hannu yana cewa, "Tun da aka kawo Shari'a malamai suka hana mu kiɗa a suna, ashe Kalilu ya ɓoye algaita a cikin mota!" Kabo na cikinsu, ya ɗaga gajeren bel sama yana kaɗa masa.

"Shatu, ki tambaye shi kukan mene ne wannan."

"Ki gaya wa Hajiya, haka manyan esi ke yi in suna tattara ƙarfi."

Da suka fita gari ya lallaba ya kashe maɓallin, ya cire hularsa ya rataya a kai. Kuka ya tsaya. Ko numfashi bai gama saukewa ba, Hajiya ta ce, "Shatu, maɓallin ne ke jin sanyi aka sa masa hula?"

Hula ta koma kai, wuta ta koma kore, kuka ya dawo da ƙarfinsa.

Rana ta take. Ƙanƙara ta fara sallama. Gilas ya yi gumi, Kalilu ya yi gumi, wani ƙauri ya cika motar.

"Mijin Yaya, wa ke babbakar akuya?"

"Daga waje ne."

"Gilas a rufe?"

"Hancinki ne mai shige-shige."

"To ga man shanun mutane ya fara zama miya a cinyata. Wannan esin naka na soya ƙosai ne?"

Suka hau wani ɗan tudu, duk ruwan da ya taru a gaba ya gangaro baya. Hajiya ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ɗaga ta biyu, ta duba lallenta.

"Shatu, ki gaya masa motar nan na fitsari."

"Ki gaya wa Hajiya raɓar esi ce. A Kwatano manyan mutane har layi suke yi su tsoma ƙafa a ciki, maganin hawan jini ne."

"Ki gaya masa nawa ya ƙara hawa."

Sun wuce Sandamu kaɗan sai aka ji fat! Wani abu ya yi ta bulalar cikin bonet, sannan tsit. Sitiyari ya yi tauri kamar turmi. Jajayen fitilu suka kunno kai a gaban direba.

"Shatu, ni kore aka ce mini. Wannan ja na mene ne?"

"Ki gaya wa Hajiya, mota ce ke son ta ɗan sha iska."

"Ita ma ke nan," in ji Shatu.

Da kyar ya karkata ta ƙarƙashin wani dogonyaro. Ya tuna maganar Kabo, ya ja tsaki. Ya ɗaga bonet, ya laluba abin tokarewa, sai ya tuna yana bayan ɗakinsa a lanƙwashe. Yana nan riƙe da murfi a ka sai ga wani ɗan acaɓa, Mainasara, ya tsaya.

"A'a, Injiniya! Yau kai ne a gefen hanya? In koma Daura in ɗauko Kabo?"

"In ka ƙara kiran sunan nan a gabana sai na kwance maka babur. Riƙe mini nan."

Mainasara ya riƙe bonet. Bel ya zama zare-zare baƙi ƙirin. Lagireto na ta ɓararraka. Kalilu ya tuɓe babbar riga, abin da bai taɓa yi ba a inda suruka take, ya naɗe hannu da ita ya murɗe murfin. Ruwan tsatsa ya yi tsiri sama ya sauko a kan rigar. Ya dunƙule ta ya jefa but, ya rage daga shi sai 'yar shara iya ƙugu. Ya ɗebi raɓar esi daga cikin roba ya ɗura wa lagireto.

Saura bel. Ya leƙa taga.

"Shatu, ara mini gyalenki."

"In shiga suna kai ba mayafi, 'yan agaji su yi mini wa'azi? Ari na Hajiya."

Ya juyo kan Mainasara, ya nemi robar ɗaure kaya. Mainasara ya ce buhun gero ne a kai, ba nasa ba ne. Kalilu ya tsaya, hannu a ƙugu, yana zagin wanda ya ƙera motar da kakansa. Sai yatsansa ya taɓa ƙullin tazuge. Sabo, saƙaƙƙe, mai kauri. Ya leƙa ya ga bonet ya tare shi daga idon Hajiya, ya kwance, ya zare shi zuruf.

"Injiniya, lafiya?"

"Kalli gabanka. Yau za ka ga ilimi."

Ya matse wando da gwiwoyi, ya zagaya tazugen daga injin zuwa famfon ruwa, ya kewaye kwamfiresa, wato abin da Kabo ya ce a yi tun jiya. Tsawon bai kai ga abin cajin batir ba, ya ce wannan ƙawa ce kawai. Ya ƙulle tamau. Ya taho wajen ƙofa a karkace, gwiwar hannu manne da ƙugu.

"Mijin Yaya, me ya sami tafiyarka? Kunama?"

"Tafiyar injiniyoyi ce in sun gama aiki."

Ya murɗa makulli. Abin haushi, mota ta tashi! Babu kuka, babu ƙauri, koriyar wuta na ta haske abinta. Kalilu ya buga sitiyari.

"Ki gaya wa Hajiya, abin da na yi yanzu ko a Kwatano mutum biyu ne suka iya, ɗayan ya rasu."

Mainasara ya ce wallahi sai ya bi su ya ga ƙarshen ilimin nan, ya biyo su a baya.

Sai dai ƙanƙara ta ƙare ƙaf. Abin da fanka ke hurowa yanzu, da numfashin tanderu babu bambanci. Hajiya ta yi fifita da gefen mayafi, ta yi salati, ta ƙara.

"Shatu, ki ce ya sauke gilas. Na yafe esin."

Kalilu ya so ya yi gardama, amma shi ma idonsa ya fara ganin hanya biyu. Ya danna abin sauke gilas. Gilas ya yi wani nishi, ya motsa kamar faɗin farce, ya tsaya. Batir ya yi sanyi, shi kaɗai ne abin da ya yi sanyi a motar.

"Ki gaya wa Hajiya, motar Turawa ce. In ta ga an kusa isa ba ta yarda a ɓata mata sanyi."

"Wane sanyin, don Allah? Dube ni! Man shanu har cikin zanina. In aka yayyafa mini gishiri sai ci!"

Haka suka shigo Baure, koriyar wuta na dusashewa, ham na kuka kamar ɗan akuya mai mura. Ƙofar gidan suna cike. Maza na kan tabarmi ana cin waina, 'yan agaji na gyara wa mutane takalma. Aka ce ga motar Hajiya, sai mata suka ɓullo daga zaure da guɗa, Mardiyya a gaba, kowacce ruwan ɗorawa mai kifaye. Uwaisu ya taso da fara'a.

Daidai tsakiyar taron tazuge ya ce ga garinku. Mota ta yi tari, ta mutu. Tururi da hayaƙi suka turnuƙe daga bonet.

Uwaisu ya buɗe wa Hajiya ƙofa. Ruwa ne ya fara fitowa, ɗauke da takalminta ɗaya. Sannan Hajiya, jiƙe sharkaf, tana haki. Sannan Shatu tana ƙyalli tun daga wuya har ƙafa, da ƙwarya fanko a hannu, ƙudaje har sun fara yi mata maraba.

Kalilu bai motsa ba. Ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ƙugu da ɗaya.

"Fito mana, Yaya Kalilu," in ji Uwaisu.

"Direban ƙwarai ba ya fita sai injin ya huce."

Wani yaro ya ce, "Wuta!" Mata suka ja da baya. Uwaisu ya zura hannu ya ja abin buɗe bonet, ya nufi gaban mota yana naɗe hannun riga. Nan fa Kalilu ya manta da komai. Uwaisu ya buɗe motarsa? Ya ga abin da ke ciki, a gaban Hajiya?

"Kada ka taɓa! Ba a taɓa wa injiniya aiki!"

Ya yi wuf ya fito, ya cafe makulli a baki, ya bangaje Uwaisu, ya sa hannu biyu ya ɗaga bonet sama har iya tsawonsa.

Wandon shadda ya sulale salin-alin, ya kwanta a kan takalminsa.

Ga Injiniya tsaye cikin tururi, tabarau a ido, makulli a baki, hannaye a sama. In ya saki murfi ya faɗo masa a ka, babu abin tokarewa. Ga kifaye ruwan ɗorawa suna iyo a inda bai kamata ba. Mata suka dubi jikinsu, suka dube shi, suka sake duban jikinsu.

Shatu ce ta fara. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

"Ayyiririii! Jama'a, ashe mijin Yaya ma ya yi anko!"

Mardiyya ta dafe ƙirji. "Ƙyallena! Wanda na birkice ɗaki ina nema zan yi wa jaririya riga!"

Taro ya fashe. Wani dattijo waina ta sarƙe shi ana bubbuga masa baya. Shugaban 'yan agaji ya kare ido da tafin hannu yana cewa, "Subhanallahi, a rufa masa asiri, a kawo zani!" amma kafaɗunsa na rawa. Mainasara ya kife a kan buhun gero. Uwaisu ya leƙa ta ƙarƙashin hammatar Kalilu, ya zaro wani ƙonannen guntun igiya, ya ɗaga.

"Yaya, wannan wane irin bel ne?"

Kalilu ya yi magana ta gefen makulli. "Na Kwatano ne. Ba ka san shi ba."

Sai Hajiya Hajo ta tako, takalmi ƙafa ɗaya, ruwa na ɗiga daga zaninta. Ta tsaya a gabansa, ta kau da kai gefe.

"Kalilu."

Dariya ta ɗauke. Mardiyya ta rufe baki. Duk tsawon auren nan, yau ne sunan ya fara fita daga bakin Hajiya.

Kalilu ya juya ido yana neman agaji. "Shatu, ki gaya wa Haj..."

"Bar Shatu, da kai nake. Uwaisu, karɓi makullin nan daga bakinsa, ka riƙe masa murfin. Kai kuma sunkuya. Wandon nan hannu biyu yake so, ba ka da na riƙon mota."

A bayan Mainasara ya koma Daura, zaune a kan buhun gero, hannu biyu a ƙugu. Ya roƙi a bi da shi ta lungu, Mainasara ya ce babur ɗinsa bai san lungu ba sai hanyar majalisa. Kafin a sauke shi ya riga ya buɗe baki.

"Ku tambayi wannan, shaida ne! Daga Sandamu har Baure da tazuge! Wa ya taɓa yi a ƙasar Daura?"

Kabo ya ajiye kofinsa, ya taso da gajeren bel ɗin jiya, ya zagaya Kalilu yana auna ƙugunsa da ido.

"Ɗaga hannu, Injiniya. Motar ta ƙi shi, amma ina jin kai zai yi maka daidai."